Kaka a Bayan Taga

Shafi na 9

Masu bin sawuna har akwatin saƙo suna cewa na bar Kaka tsaye a bakin ƙofa da jakar makaranta a hannu, ku sassauta min, ga ta nan ta taka. Wanda yau ne shigowarsa ta farko kuma, ya matso ya zauna, bai makara ba.

Ranar da aka buɗe makaranta kowa a gidan murna yake yi, ban da Kaka.

Maman Ango tana ta hamdala, wai yau wayarta ta dawo hannunta. Baban Ango ya ce falonsa zai huta da ihun yara talatin. Shi kuwa Ango tun da asuba ya zura yunifom, wandon ya ɗage ya bar ƙwauri a waje, don watannin zaman gidan nan ba abin da ya ƙaru da shi sai tsawo da cin abinci.

Kaka ce ta raɗa masa Ango tun yana zanin goyo, sunan ya bi shi har makaranta. Kullum cikin tsokanarsa take, wai ta gaji da miji mara ko sisi. Amma yau ko tanka masa ba ta yi ba. Ta ɗaura ɗankwali, ta saɓa jakarsa a kafaɗa, ta ce ita za ta raka shi.

Ga abin da ke cin ta. Da aka rufe makarantu karatu ya koma cikin waya, iyayen Ango duk masu fita aiki ne, sai aka bar wa Kaka gadin ɗalibi. Ta jingina wayar da gwangwanin madara a kan teburin falo, Ango a gaba, ita a gefe inda kyamara ba ta kamo ta. Da farko aikinta kawai ta hana shi komawa kallon katun. Sai wata rana Malama ta zana wani abu mai ƙaton ciki a allo ta faɗi sunansa, Kaka ta ji bakinta ya maimaita ba tare da ya nemi izininta ba.

Shi ke nan, tsohuwa ta kamu. Kullum ita ce ta farko a teburin, ita ce mai cajin waya, ita ce mai yi wa Ango tsawa ya yi shiru ana karatu.

Ita dai Kaka ba ta taɓa zama a aji ba, kuma a zatonta babu mahalukin da ya san haka. Balle ɗanta, Baban Ango. Sanda yana ƙarami kullum da yamma sai ta karɓi littafinsa, ta ɗaure fuska, ta bi shafin da yatsa, ta ce ya sake rubuta wannan layin. Tsoron wannan binciken ne ya sa ya yi karatu har ya zama babban mai gyaran lantarki da yara a ƙarƙashinsa. Har yau in baƙi suka zo sai ya ba da labarin, yana cewa uwarsa ce malamarsa ta farko, idonta ba ya barin kuskure ya wuce. Kaka takan yi murmushi kawai.

Ta fi son ƙasa ta tsage ta shige da ɗan nan ya san gaskiya.

To ga shi an zo daidai wurin da karatu ya fara daɗi, an fara haɗa baƙaƙe suna zama magana, sai aka ce a koma aji. Wayar ta koma jakar Maman Ango, gwangwanin madara ya koma kicin. An yi wa Kaka yankan ƙauna.

A ƙofar makaranta hayaniya kamar tasha. Yara suna ta rungume-rungume, wasu suna kallon juna suna mamaki, don wanda suka saba gani ɗan mitsitsi a cikin akwatin waya yau ga shi ya fi su tsawo. Maigadi, wani dogo mai furfura a gemu, ya tsaya yana ta shela cewa iyaye iyakarsu ƙofa.

Ango ya fizge jakarsa ya ruga, ko waiwaye babu.

"Ka ga mijin zamani," in ji Kaka. "Ko sallama."

Ta juya kamar za ta tafi. Ƙafa ta ƙi. Ta hango ajin 'yan aji ɗaya can gefe, tagoginsa a buɗe, da wata bishiya a bayansa mai inuwa. Nan take dabara ta faɗo mata. Ta dafe goshi, ta dafa bango, ta saki wani nishi wanda ko mai naƙuda sai haka.

Maigadi ya rugo da kujerarsa, yana tambaya ko lafiya. Ta ce jiri ne, yakan taso mata haka, in ta ɗan zauna a inuwa zai wuce. Ya ajiye kujerar a inuwar ɗakinsa. Ta ce wannan inuwar ba ta da iska. Ya matsar da ita gindin katanga. Ta ce nan kuma tururuwa. A ƙarshe dai bawan Allah ya kinkimi kujera har gindin bishiyar bayan aji ɗaya, yana tafe yana waiwayenta kada ta zube.

Ya tambaye ta ko jikan wa ta rako, ko a kira wani daga gida. Ta ce kakar Ango ce, amma kada ya wahalar da kowa. Ya tafi yana girgiza kai, hankalinsa bai kwanta ba.

Yana ba da baya Kaka ta warke sarai. Ta ja kujerar ta manna da bango, daidai ƙarƙashin taga, ta ɗan ɗaga kai yadda ido ɗaya zai leƙa.

Ga Malama nan. Kaka ta kusa yin dariya. Watanni tana ganin fuskar nan ta cika waya, ta ɗauka wata zabgegiyar mace ce, ashe 'yar firit ce, da kyar hannunta yake kai tsakiyar allo.

Ashe ba ita kaɗai ta lura ba. Wata yarinya mai gibi a layin gaba ta ɗaga hannu.

"Malama, ashe kina da ƙafa."

"Har biyu," in ji Malama. "Da su na zo."

Ajin ya kwashe da dariya. Daga nan abin ya zama wasan kwaikwayo. Wani yaro duk maganar da zai yi sai ya fara da tambayar ko Malama tana jin sa, alhali yana gabanta kamar ya taka ta. Wani ya zo da rigar makaranta a sama, wandon barci a ƙasa, ya ce ai ƙasan ba a gani. Wata ta buɗe kwanon abincinta ana tsakiyar karatu ta fara ci hankali kwance. Mai gibin nan kuma ta sake ɗaga hannu ta roƙi Malama ta kashe wa na kusa da ita murya, ya cika surutu.

Malama ta ce a nan ba ta da madannin, sai dai haƙuri.

Kaka ta toshe baki da gefen mayafi, kafaɗunta suna rawa. Rabon da ta ji daɗi irin wannan har ta manta.

Da ƙura ta lafa, Malama ta ɗauki alli ta ce bari ta ga wanda ya yi karatu da wanda ya yi barci a bayan waya. Ta rubuta kalma a allo da ƙaton rubutu, ta juyo.

"Ango, karanta mana."

Ango ya miƙe. Ya kalli allo. Ya buɗe baki, ya ɗaga hannu ɗaya, sai ya sandare a haka. Ido ba ya ƙiftawa, baki a buɗe, kamar gunkin shagon tela.

Malama ta kira shi. Shiru. Ta sake kira. Shiru.

"Sabis ɗinsa ne ya ɗauke," in ji mai wandon barci, da gaskiyarsa.

Kaka ta san wannan dabarar, a falo ya ƙirƙiro ta. Duk sanda tambaya ta fi ƙarfinsa sai ya sandare har Malama ta gaji ta wuce kan wani. Ta ji kamar ta zura hannu ta taga ta murɗe masa kunne. Amma idonta ya riga ya tafi kan allon.

Kalmar doguwa ce, ba ta taɓa haɗa mai tsawonta ba. Ta san na farkon, mai kan sandar tsoho. Ta san ɗan siririn da ke bin sa mai ɗigo a ka. Ta haɗa su a ranta. Fi. Na gaba mai gicciye. Ti. Na kusa da ƙarshe dogo ne, sai mai ƙaton cikin nan, tsohon abokinta.

"Fitila!"

Ba raɗa ta yi ba. Da dukan muryarta ta faɗa, muryar da take kiran mai kayan miya daga ƙarshen layi.

Ajin ya yi tsit. Har Ango sabis ɗinsa ya dawo.

Kaka ta sulale ƙasa ta duƙunƙune a kan kujera, ta ja mayafi ta rufe fuska, tana addu'ar a ɗauka aljani ne. Sai ta ji abin da ya fi ƙarfin tunaninta. Yara sun ɗauki sowa, kowa yana faɗin Kakar Ango ce, Kakar Ango ta zo. Benci yana ƙara, ƙafafu suna rige-rigen zuwa taga.

Ta ɗaga mayafi kaɗan. Kawuna sun cika taga, duk suna washe mata baki kamar sun ga tsohuwar ƙawa. A tsakiyarsu ga Malama, ta yi ɗage, ta dafa haɓa a kan hannu.

"Sannu da zuwa, Kaka. Tun safe nake duba hanya."

"Ni? 'Yar nan, ina kika san ni? Jiri ne ya zaunar da ni, yanzu zan wuce."

"Fuskarki ce ban sani ba. Muryarki kuwa ko cikin barci na ji ta zan gane."

Kaka ta ce ba ta fahimta ba, ita ko sau ɗaya ba ta taɓa shiga gaban wayar ba, kullum a gefe take.

"Gefe kyamara ce ba ta gani," in ji Malama a hankali. "Amma wayar tana ji."

Wayar tana ji.

Kaka ta zauna da maganar nan kamar wadda aka ɗora wa dutse a cinya. Ita duk zatonta in waya ba ta gan ka ba, ba ta jin ka. Ashe duk maimaitawar da take yi, duk gidajen yaran nan ana ji. Sai sauran abubuwan suka fara dawo mata ɗaya bayan ɗaya. Ranar da ta ce yarinyar nan sauri take kamar ana korar ta. Ranar da ta ce ɗaurin ɗankwalin Malama kamar an kifa kwano. Ranar da ta gane baƙi biyu a jere ta tashi ta taka rawa tana yi wa kanta kirari.

"Har maganar ɗankwalin?" ta tambaya, murya ƙasa-ƙasa.

"Washegari na canza ɗauri."

Yara suka fashe. Mai gibi ta ce ita ta fi son ranar da Kaka ta yi faɗa da kyanwa. Wani ya ce babarsa takan bar wanki ta zo ta zauna in ta ji muryar Kaka. Kunya ta rufe tsohuwa tun daga kai har ƙafa, ta rasa inda za ta sa ranta.

Malama ta kore su su koma wurin zamansu, ta rage murya yadda su biyu kawai za su ji. Ta ce a duk ajin babu ɗalibin da bai taɓa fashi ba sai mutum ɗaya, kuma ba ya cikin masu yunifom. Ta ce sau da yawa in ta maimaita darasi, ba don yaran take yi ba, jira take ta ji muryar gefe ta kama. Ta ce yau da ta shigo ta ga aji cike amma babu wannan muryar, sai ta ji kamar ta manta wani abu a gida.

Idon Kaka ya kawo ruwa. Ta yi maza ta ce ƙura ce.

"Ki zagayo ki shigo, Kaka. Akwai wuri a bencin baya."

"Da girmana? Da furfurata?"

"Allo ba ya tambayar shekaru."

Kaka ta murza gefen mayafi. Rabin ranta yana cewa ta tashi ta tafi gida da sauran mutuncinta. Ɗaya rabin kuwa yana kan allo, yana son ya ga kalma ta gaba.

"Da sharaɗi," ta ce. "Kada ɗana ya ji. Uban yaron nan. In ya ji, na mutu a tsaye."

Malama ta buɗe baki kamar za ta ce wani abu, ta fasa. Ta ce daga bakinta dai ba zai ji ba.

Haka Kaka ta zagaya ta shiga aji da sallama, karo na farko a rayuwarta. Yara suka miƙe suka gaishe ta da waƙar gaisuwar da ake yi wa baƙi. Bencin ya yi mata kaɗan, gwiwoyinta suka tokare tebur, mai wandon barci ya matsa mata ya kuma ba ta aron fensir. Ango ya juyo yana harararta, wai ta tona masa asiri.

"Juya ka ba ni wuri," in ji ta. "Mijin da sabis ɗinsa ke ɗaukewa, sakin ka zan yi."

Aka ci gaba da karatu. Malama tana rubutawa, aji yana amsawa, muryar Kaka tana sama da ta kowa. Ta manta gwiwa, ta manta furfura, ta manta wata kujera da ta bari a gindin bishiya. Har ɗaga hannu ta koya, sai dai ita biyu take ɗagawa.

Can Malama ta miƙo mata alli, ta ce tunda ita ta karanta fitila, ta zo ta rubuta ta. An goge allon, sai dai daga ka.

Kaka ta fito. Allin ya yi mata sanyi a hannu. Ta zana na farko, ya karkace kamar zai faɗi, amma ya tsaya. Ta zana na biyu, ta ɗiga masa ɗigonsa. Yara suna bin ta da baki, suna ba ta ƙarfi. Ta kai kan na huɗu ke nan ta ji gudu a baranda, da muryar maigadi yana rantsuwa cewa a nan ya bar ta, a kan kujerar nan, hedimasta ne ya ce a kira gida.

Sai ƙofar aji ta yi duhu.

Baban Ango ne, cikin rigar aiki, igiyar waya a rataye a wuya, gumi yana zuba. Kana ganinsa ka san an ce masa uwarsa ta faɗi, ya bar aiki ya taho ba ko numfashi. Ya kalli benci, ya kalli Malama, sannan idonsa ya sauka kan allo, da karkatattun baƙaƙen, da allin da ke hannun mahaifiyarsa.

"Inna."

Jirin ƙarya ya tashi zama na gaske. Amma Kaka tsohuwar zuma ce, ta daɗe tana wannan sana'ar. Ta gyara tsayuwa, ta ɗaure fuska.

"Me ya kawo ka? Yaran nan nake nuna wa yadda ake riƙe alli. Malamarsu ce ta roƙe ni."

Ya gyaɗa kai a hankali, ya ce to, haka ne, ai ya kamata. Har ya fara ja da baya, yana cewa tunda lafiya lau bari ya koma aiki. Kaka ta fara sauke numfashi.

Sai Ango ya miƙe tsaye a kan benci.

"Baba, Kaka ta karanta fitila ita kaɗai, ba wanda ya faɗa mata. Kuma ban taɓa danna abin kashe murya ba ko sau ɗaya, yadda ka ce. Tambayi Malama. Yanzu ina ƙwallon da ka yi min alkawari?"

Malama ta juya ta fara gyara allunan da ba su karkace ba.

Baban Ango ya tsaya da ƙafa ɗaya a waje, ɗaya a ciki. Ƙaton mutum mai gemu, mai ba yara umarni a wurin aiki, sai ga shi yana sosa ƙeya yana kallon takalminsa.

Kaka ta kalli jikan, ta kalli Malama, ta kalli ɗan. Ta ajiye allin a bakin allo a hankali.

"Kai ka ce kada ya kashe?"

"Don Malama ta riƙa jin inda kika tsaya ne, Inna. Ta bi da ke a sannu."

"Tun yaushe ka sani?"

Bai ɗago ba.

"Tun ina aji uku. Ranar da kika riƙe littafina a juye."

Kaka ta daɗe tana kallonsa, ba mai iya cewa kuka ne ke tahowa ko dariya. Sai ta sunkuya, ta zare takalminta na ƙafar dama, ta riƙe shi a hannu.

"Zo nan," ta ce.